Zabibin da Aka Ce Bai Lalace Ba

Na gaji da jin labarin nan a bakinku ba yadda yake ba. Duk ranar da aka taru, suna ne ko biki, sai wani cikinku ya gyara zama ya soma ba baƙi labarin kakarku Hajo da ƙullin zabibinta, wai shekara bakwai yana ajiye bai lalace ba, wai Allah ne ya nuna ishara saboda haƙurinta. Jikokina ma na ji sun ƙara masa gishiri, wai ɗakin ƙamshin Makka yake yi. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, ku ɗauka kewar uwata ce ta taso mini. Kunya ce nake ɓoyewa. Zabibi ba ya shekara bakwai, ko a gidan wa aka ajiye shi. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya soma yi mini gardama, gara in bar muku maganar a rubuce.

Ina da shekara tara Baba ya tafi gabas. Malam Isuhu sunansa, ɗinkin hula ne sana'arsa. A zamanin nan mai hali ne ke hawa jirgi zuwa Makka, talaka kuwa ƙafarsa yake sawa a hanya, ya yi tafiya, guzuri ya ƙare, ya tsaya wani gari ya yi aiki, ya sake tashi. Wani shekara uku, wani goma, wani sai dai labari. Mun raka shi har bakin tabki da hantsi, ni da Inna da maƙwabta. Abin da na riƙe a idona bayansa ne kawai, da salkar ruwa tana lilo a kafaɗarsa. Tun daga ranar, in na rufe ido, tafiya nake ganin yana yi. A raina bai taɓa isa ko'ina ba, bai kuma taɓa gajiya ba. In ina daka sai in ga ya ratsa wani fili fari fat, in ina ɗiban ruwa sai in ga ya tsaya bakin wani babban kogi yana naɗe wando. Na gina masa garuruwa a kaina, masu dogayen soraye da itatuwan da ban san sunansu ba, na zuba masa mutanen kirki a kowace ƙofa suna ba shi fura. Inna takan ce da ni, “Ke Rabi, ina kika tahi kuma?” Ba ta san ina bin mijinta a baya ba.

Shekarun farko saƙo yana zuwa jefi-jefi, a bakin masu dawowa. Daga baya shiru, har shekara biyar.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce ta biyu bayan Turawa sun sauke tutarsu. Garinmu Tawa ya cika da surutu, ana taruwa gindin rediyo, ana cewa yanzu ƙasa ta koma hannun 'ya'yanta. Mu a lungunmu abin bai sauya mana ko miya ba. An riga an yi mini aure da ubanku, gidansu ƙofa uku daga ta Inna, kuma ina ɗauke da cikinka, kai babban da ba na faɗin sunanka. Inna ita kaɗai ce a gidan Baba, da awaki biyu da 'yar sana'arta ta goro. Ba ku san ta da ƙuruciya ba, shi ya sa kuke zaton da furfura aka haife ta. A lokacin ba ta kai arba'in ba, doguwa ce, mai wushirya, in ta yi dariya har maƙwabta sai sun leƙo.

Yayanta, Kawu Ɗan-Jumma, manomi ne a Bambeye, shi ya soma yi mana sintiri a shekarar. Akwai wani abokinsa can, Malam Haruna, matarsa ta rasu, ya kuma san Inna tun suna yara. Ba wanda ya taɓa faɗin aibin mutumin nan a gabana, kuma Allah ya sani na nema. Kawu yakan zauna kan tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya soma.

“Hajo, shekara tara hwa. Ko alƙali ya san huɗu sun isa. Ke ba matar aure ba, ke ba bazawara ba. Har yaushe?”

“Yaya, ka bar ni in ƙara gani.”

“Mi za ki gani? Mutum in shina da rai ai shina aike.”

Kamar da baki, bai yi kwana goma da faɗin haka ba sai ga aike. Wani Alhaji Mamman, mutumin Barmou, ya dawo daga gabas a farkon bazara, ya rame ya yi baƙi, ya yi sallama ƙofarmu. Ya ce ya baro Baba a Makka lafiya lau, yana ɗinkin hula yana tara guzurin dawowa. Sannan ya zaro wani ƙulli na farin ƙyalle, bai fi dunƙulen hannu biyu ba, ya ajiye gaban Inna.

“Yac ce in ba ki wanga, ki aje, ku ci tare. Yac ce kahin shi lalace shina tahe.”

Inna ta kwance. Matan lungu duk sun shigo, aka haɗa kai ana kallo. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne baƙaƙe, a yamutse, suna ɗan sheƙi. Wata ta ce ɗinya ce ta gabas, wata ta ce ƙanen dabino ne. Tsohuwa Ta-Allah, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ce ita dai kashin awaki take gani, kuma in don shi ne ba sai an je Makka ba. Aka yi dariya. Alhaji ya ce sunansa zabibi, inabi ne ake shanyawa ya bushe, kuma yana cikin 'ya'yan itacen da aka yi wa muminai alkawari. Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ba kowa ko ƙwara ɗaya ba. Tambaya guda ta yi.

“Alhaji, kwana nawa shika yi kahin shi lalace?”

“Wallahi Hajo ban sani ba. Ni ci nika yi, ban taɓa ajewa ba.”

Yau da na tsufa na gane Baba magana ce kawai ya yi, irin wadda namiji ke yi yana murmushi don a kwantar da hankali a gida. Inna kuwa ta ɗauke ta wa'adi. Da Kawu ya dawo, ita da bakinta ta yanke hukuncin, ba wanda ya tilasta ta.

“Yaya, ka ba ni zuwa kaka. In an gama yankan hatsi ka zo mu buɗe gabanka. In shina da kyau, mijina na bisa hanya, ka ƙyale ni. In ya lalace, ni da ƙahwata za ni bi ka wurin alƙali.”

Kawu ya mai da hularsa, ya ce ya yarda.

Sai in faɗi laifina na farko, ƙarami ne. Kwaɗayin mai ciki ba ya jin magana. Washegari da Inna ta fita rijiya na zari ƙwara ɗaya na sa a baki. Ban tauna ba, na bar shi ya jiƙa a kan harshe. Zaƙi ne da ɗan tsami can ƙasa, da wani ƙamshi kamar na rana a jikin tufa. Na jingina da bango na lumshe ido, sai ga ni a wata inuwa mai sanyi, ganye ya yi rumfa bisa kaina, 'ya'ya suna reto, Baba zaune yana zare allura yana tambayata ko na iya tuwo yanzu. Ban san iyakar zaman da na yi ba, sai da akuya ta ture mini ƙafa. Tun ranar na ƙudura a raina cewa mutumin da ya aiko da abin nan ba zai mutu a hanya ba.

Kuskuren Inna kuwa daga sana'arta ya fito. Goro ta sani, tun tana yarinya take juya shi, kuma duk mai goro ya san bushewa ce ajalinsa. Ana lulluɓe shi da ganye da tsumman buhu, ana yayyafa ruwa, ana kai shi inuwa. Da zafin bazara ya tsananta, ta duba zabibi ta ga ya ƙara yamutsewa, ya yi tauri kamar tsakuwa, sai hankalinta ya tashi.

“Rabi, ƙishirwa shika ji. Haka goro ka yi in za shi mutuwa.”

Ta ɗaure farin ƙyallen tamau, ta naɗe shi cikin tsumman buhu, ta jiƙa, ta tura shi gindin randa inda ƙasa ke da laima. Ta ce ba za ta ƙara kwancewa ba sai ranar da Kawu ya zo, don duk kwancewar da ta yi sai gabanta ya faɗi. Kowace safiya, bayan ta gama salla, sai ta ɗebi ruwa a tafin hannu ta yayyafa masa, tana motsa baki. Ni ma na taya ta. Sau da yawa ni ke tuna mata in ta manta, ina jin kamar Baba nake shayarwa.

Damina ta sauka da kyau a shekarar. Tabki ya cika, duwatsun da ke kewaye da gari suka yi kore, ɗakunan ƙasa suka riƙe sanyi. Cikin wata na biyu na ruwa na soma jin wani wari in na durƙusa ɗiban ruwa a randar Inna. Hancin mai ciki ba ya kuskure. Na bari sai ranar da ta tafi gona, na jawo ƙullin na kwance. Ya cure wuri guda, ya yi gashi fari da kore, wani ruwa baƙi ya rine ƙyallen, warin tsami ya bugi fuskata har sai da na yi amai a bakin ƙofa. Na zauna ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da Baba ya tafi. Sannan na ɗaure shi yadda na same shi, na mayar.

Akwai wani Balarabe mai kanti kusa da kasuwa, ni ke yi wa matarsa kitso. Lalla muke ce mata, farar mace mai jiki, ta daɗe a Tawa har Hausa ta zauna a bakinta. Na taɓa ganin tana zuba irin abin nan cikin shinkafa. Ranar kitsonta, kanta na kan cinyata, na yi kamar hira nake, na tambaye ta yadda ake ajiye zabibi, na ce wata maƙwabciyarmu ce ta naɗe nata a jiƙaƙƙen buhu. Ta ɗago har kitson ya kuɓuce mini.

“Ruwa? Wa ya gaya mata goro ne? Ruwan jikinsa aka cire don ya daɗe, ita kuma ta mayar masa.”

Ta sa aka ɗauko mata kwalba mai murfi ta nuna mini. Ta ce a zuba shi a busasshiyar kwalba, a rufe gam, a kai wurin da rana ba ta kaiwa, laima ba ta kaiwa. In an yi haka zai yi wata shida da daɗinsa, ya kai shekara in ɗakin mai sanyi ne kuma an yi sa'a. Ta ce taurin da ya yi ba mutuwa ba ce, in za a ci sai a jiƙa daidai wanda za a ci. In an ga ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gishiri, a murza da yatsa, in ya yi ƙaras-ƙaras zaƙinsa ne ya fito waje, a ci abin. Amma in ya yi gashi, ko yana warin kunun da ya kwana biyu, ko akuya kada a ba. Na ce to bayan shekara fa?

“Bayan shekara ki sayi wani, 'yar nan. Abinci ne, ba azurfa ba.”

Na ce mata yau kada ta ba ni komai na kitso, zabibi nake so, cikina ne ke nema. Ta yi dariya ta cika mini 'yar kwalba.

Na kai kwalbar rumbun gidan ubanku na cusa cikin damman gero, can ƙasa inda ba mai kai hannu. Wata biyu tana nan, ni kuma ina shari'a da kaina. Na ce ai ba Baba ne ya saɓa ba, mu muka kashe abin da ruwa, da an ajiye shi daidai da ya kai kaka lafiya, saboda haka in na sauya gyara kuskure kawai na yi. Hujjar tana da kyau, har yau in na juya ta ina ganin kyanta. Amma da gyara nake nufi, da na je na gaya wa Inna da Kawu gaskiya, su san abin da za su yi da ita. Abin da ke raina daban ne. In Inna ta tafi Bambeye za a ja ƙyauren gidan nan a rufe, Baba ya zo ya tarar da kango. Kuma in ta daina jira, ni kaɗai zan rage, na kuwa san ni kaɗai ba zan iya riƙe shi a kan hanya ba. Ina son ubana, ina son in miƙa masa jariri in ga yadda fuskarsa za ta yi. Ban tsaya na tambayi abin da uwata take so ba.

Alhali kuwa abin a fili yake, ni ce na ƙi gani. Randar nan kullum tana durƙusa gabanta, hancinta lafiya lau. Ba ta taɓa cewa komai ba, amma wajen ƙarshen damina ta daina yayyafa ruwa. Malam Haruna ya aiko mata da kwandon albasa ta hannun Kawu, ta raba wa maƙwabta tana ta zolayar Ta-Allah. Ta soma waƙa in tana daka, waƙoƙin 'yan matancinsu da ban taɓa ji ba. Wata rana na shigo na tarar ta wanke ƙorenta duka, ta jera su ƙanana cikin manya, ta ɗaure a ragaya. Ta ga ina kallo sai ta kau da kai.

“Rabi, in Allah ya sa na koma Bambeye, can za ki taho haihuwa. Ni za ni yi miki wanka ko ina nike.”

“Ni ban haihuwa gidan da Baba bai san hanya tai ba.”

Haka na ce mata, da ƙarfi, kamar ni ce uwar. Ta dube ni, ta ci gaba da share tsakar gida.

Aka yanke hatsi. Kawu ya aiko cewa yana tafe ranar Lahadi. Ranar Asabar Inna ta tafi suna wata unguwa, ta ce sai la'asar. Tana fita na shiga. Na kwance ƙullin, na kankare abin da ke ciki, na wanke farin ƙyallen da toka har hannuna ya yi zafi, na shanya a rana tsaka. Tabon bai fita duka ba, amma ya bushe ƙayau. Na juye na Lalla a ciki, na ƙulla irin ƙullin Inna, na mayar cikin tsumman buhun. Na Baba kuwa, wanda hannunsa ya taɓa, wanda ya ratso duk ƙasashen da nake mafarki, na tona rami bayan ɗaki na binne. Har na riƙa zuwa ina duba wurin daga baya, ko wani abu zai tsiro. Ba abin da ya fito sai tafasa.

Kawu ya iso da hantsi, da jakai biyu. Ɗaya ya hau, ɗayan Malam Haruna ne ya ba shi aro don kaya. Inna ta yi wanka, ta sa zanenta mai saƙi, ta sa kwalli. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗauko ƙullin da hannu biyu ta ajiye tsakaninsu. Ni ina bakin ƙofar ɗaki, ciki ya yi mini nauyi. Ta warware buhun. Ta daɗe tana fama da ƙullin ƙyallen. Da ya buɗe, rana ta faɗa a kai, zabibi ya yi sheƙi, ƙwara-ƙwara, ko ɗaya bai manne da ɗan'uwansa ba.

Kawu ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya sa a baki, ya tauna a hankali.

“Ikon Allah. Wanga ai awa jiya anka ɗaure shi.”

Na zuba wa Inna ido ina jiran murna. Na shirya mata murnar nan wata biyu, na ga yadda za ta rungume ni. Sai na ga ta kafa wa ƙyallen ido kamar mai karanta wasiƙar da ba ta zata ba. Ta ɗauki tsumman buhun ta kai hanci, ta ajiye.

“Ashe tsumman na ka wari,” in ji ta, a hankali. Sannan ta ɗago. “To Yaya, ka gani. Shina tahe. Ka ba Malam Haruna haƙuri, ka yi mai godiyar albasa.”

Kawu mutum ne mai cika magana. Ya sha fura, ya yi mata addu'a, ya hau jakinsa ya ja ɗayan a baya ba komai a kansa. Inna ta tsaya ƙofar gida har suka sha kwana. Da ta dawo ta sauke ragaya, ta fitar da ƙoren ɗaya bayan ɗaya tana mai da kowace mazauninta. Na ce in taya ta, ta ce in zauna in huta, ciki ya tsufa. A gidan na haife ka bayan sati uku, ita ta yi mini wankan jego kwana arba'in, ba ta gaza mini da komai ba. Waƙar daka ce dai ban ƙara ji ba.

Daga baya na ce mata na ji a bakin matar Balarabe cewa kwalba ta fi, ta yarda, muka juye. To wanda ya fara irin wannan aiki ba ya da wurin tsayawa. Duk shekara in na ga ya soma dusashewa sai in je kitso wurin Lalla, in dawo in jira Inna ta fita. Kowace shekara nakan ce wannan ce ta ƙarshe, bana zan bar shi ya mutu ta huta. Sai in tuna in ya lalace yanzu za ta ce yanzu ne mijinta ya mutu, kuma Malam Haruna ya riga ya auri wata tun shekarar da ta biyo, an ce har ya gina mata ɗaki mai taga. Me zan ce na tsare mata? Sai in sake cikawa. Kawu ya ƙara zuwa sau biyu, ya duba kwalba, ya daina tayar da maganar. Labari ya bazu, mata suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni don su gani, masu jiran mazan da suka tafi cin rani suna shafa kwalbar suna shafawa a fuska. Inna takan miƙa musu ta koma aikinta. Furfura ta fito mata, wushiryar nan sai a yi wata ba a gan ta ba. Ni ma tafiyar da nake ganin Baba yana yi ta soma yi mini nisa, sai in rufe ido in ga fili kawai.

A shekara ta bakwai wani dattijo ya sauka daga mota a tasha yana tambayar gidan Malam Isuhu mai hula. Daga Sudan ya fito, ya yi shekaru yana noman auduga can. Aka kawo shi, Inna ta sa na shimfiɗa masa tabarma a zaure, mu muna daga ciki. Ya ce tare suka taso da Baba daga Makka, wata biyu kacal bayan tafiyar Alhaji Mamman. Baba ya matsu, ko guzurin bai gama haɗawa ba, yana cewa ya yi wa iyalinsa alkawari. Sun ƙetare teku, sun yi nisa, zazzaɓi ya kama shi a wani gari bakin kogi, tsakiyar damina. Kwana shida ya yi. Dattijon ya ce shi ya yi masa wanka, shi ya sa shi a ƙasa, ya kuma nemi gafara don bai sami wanda zai aiko ba.

Inna ta yi salati, ta yi masa godiya, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Da ya tafi, kafin mutane su soma shigowa gaisuwa, ta shiga ɗaki na bi ta. Ta zauna bakin gado tana lissafi da yatsu, daga bazarar da Alhaji ya zo zuwa daminar da aka faɗa. Ta yi sau biyu. Ta ɗago ta dubi kwalbar a kan akwati, cike, tana sheƙi, wata uku da na sauya ta. Sannan ta dube ni. Ba tuhuma a idonta, da akwai da na ji sauƙi. Tambaya ce kawai irin ta wanda ya rasa inda zai sa kansa.

“Rabi, tun daminar farko ashe. To ƙaƙa anka yi abin ga bai gaya mini ba?”

Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe, maganar ta zo har kan harshe. Na dubi kanta da ya yi fari, na tuna jakin nan da ya koma ba kaya.

Na ce, “Allah ɗai ya sani, Inna.”

Ta gyaɗa kai, ta ce haka ne. Ta ce in je in ɗora ruwa, mutane za su zo. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a ɗakin nan, kullum ina shiga ina gaishe ta, ba ta sake tambayata ba, ni kuma ban faɗa ba.